Ɗingishin Shanun Fahad

Akwai wata cuta da ke kama samarin yanzu: son a ce komai nasu ya kai ƙarshe, ko da abin ba zai iya ɗauka ba. Ita ta ci Fahad ɗan Doguwa, kuma ga yadda aka yi.

Ranar kasuwar Tudun Wada, Khairiyya ta sauko daga rugarsu ta gefen Falgore don a buga mata takardun makaranta a wani shago. Shagon na Mujitaba ne, mai gyaran kwamfuta. Tana jira sai idonta ya faɗa kan allon wata tsohuwar kwamfuta: fili kore shar, rafi na gudu, shanu na kiwo, iska na kaɗa ciyawa. Mujitaba ya ce mata gem ne, wato wasan kwamfuta, mutum yana yawo a ciki yadda ya ga dama. Ta ce ita dai Falgore take gani a tsakiyar damina. Ya miƙa mata abin sarrafawa, ta bi gefen rafin nan har aka kira la'asar. Shi kuwa ba allon yake kallo ba.

Tun daga ranar ya sa mata suna Damina. Saƙonsa na farko ya ce: "Damina, kin tafi kin bar shanunki a shagona. Ba sa cin ciyawa sai kin dawo."

Ta mayar masa: "Sannu makiyayin gilashi, wanda bai taɓa taka kashin shanu ba. Ka kula mini da farar nan."

Da ta koma shagon, ta tambaye shi yadda tsohuwar na'ura ke fitar da wannan kyau. Ya ce ƙarfinta a ƙayyade yake, kuma abu biyu ke cinsa: kaifin hoto, da adonsa, wato inuwa da haske da motsin ciyawa. In ka ƙure duka biyun, sai tafiya ta riƙa sarƙewa. Dole ka san wanda za ka rage. Khairiyya ta tafi gida tana juya maganar, tana murmushi ita kaɗai a kan acaɓa.

Amma da maganar aurensu ta taso, Baffa Idi, mahaifinta, ya ce sam. Ba zai ba da 'yarsa ga ɗan gari mai wasan yara ba. Zuciyarsa tana wajen Fahad, ɗan amininsa mai sayen hatsi. Baffa shekara uku ke nan gwiwa ta zaunar da shi, ido ya yi rauni, garke ya koma hannun ƙannensa. Kullum da hantsi yana zaune ya fuskanci daji.

Wata rana tana zuba masa nono ta ba shi labarin filin da ke cikin allo. Da ta gama, ya ce a kawo ya gani.

Ta aika wa Mujitaba, kwana biyu ba amsa. Ta kwana da tunanin ko ya janye. Sai a na uku saƙo ya shigo: "Yi haƙuri Damina, na'urar nake saitawa. Baffa daga nisan taku nawa yake gane saniya?"

Kafin nan labari ya kai kunnen Fahad. Ya riga kowa zuwa, da sabuwar kwamfuta da ƙaton allo da janareta a bayan mota. Ya kafa su a inuwar bishiyar kirya, ya ƙure kaifi, ya ƙure ado, yana cewa har gashin jelar saniya za a ƙirga. Hoto ya fito tas kam. Sai dai shanun in sun ɗaga ƙafa sai su ƙame, su zabura, su sake ƙamewa. Fanka na ta ihu a cikin na'urar.

Baffa ya matso, ya daɗe yana kallo, fuskarsa ta canza.

"Wace cuta ce ta shiga garken nan? Duk ɗingishi suke."

Fahad ya yi dariya ya ce Baffa ya dubi kyan hoton dai, wannan ba matsala ba ce. Baffa ya dube shi sama da ƙasa.

Mujitaba ya iso bayan azahar da tsohuwarsa a jaka. Ya durƙusa ya yi gaisuwa har ƙasa. Ya rage kaifin hoto sosai, tunda idon tsoho ba ya tsintar ƙananan abubuwa, ya bar inuwa da hasken yamma, ya bar sauran ƙarfin ga tafiya. Shanu suka gangaro rafi a natse, ƙafa na bin ƙafa, tozo na rausaya.

Khairiyya na laɓe bayan zana, ta ji Baffa ya yi irin kiran da yake wa garke, wanda rabonta da ji shekara uku. Hawaye ya zubo mata.

"Waɗannan lafiyarsu ƙalau," in ji Baffa. "Ɗana, me ka ba su?"

"Ba abin da na ƙara, Baffa. Ragewa na yi, don su samu su yi tafiya."

Baffa ya ce wanda ya ga dabba na ɗingishi ya ce a dubi kyanta, ba zai riƙe masa 'ya ba. Bayan kaka aka ɗaura auren Khairiyya da Mujitaba. Baffa ya ba ta farar karsana ta gaske, ya dafa kansu ya ce Allah ya daidaita tafiyarsu, ya ba su zuri'a mai albarka. Aka shafa.

Fahad kuwa abu uku ya rasa. Na'urarsa ta ƙone tun kafin a naɗe tabarma. Khairiyya ta tafi Tudun Wada. Sunansa ma bai tsira ba, don daga Falgore har Doguwa, yau Mai Gurgun Garke ake ce masa.