Rahama Tsakanin Idi Biyu

Rahama na durƙushe a gindin murhu tana juya gurasa a kasko, zufa na tsiyaya daga goshinta, sai ta ji ƙarar keken mahaifinta a ƙofar gida. Ta miƙe da murna tana goge hannu a zane.

"Baba, sannu da zuwa! Da tsakar ranar nan?"

Baba Gwamna ya shigo fuska a ɗaure. Ya jingine keken, ya ɗauki gurasa ɗaya ya jujjuya ta. Siririya ce, ko kaɗan ba ta tashi ba.

"Mene ne wannan?"

"Gurasa marar yisti ce, Baba. Ta Idin Ƙetarewa. Surukina ya ce a tanada."

"Ashe gaskiya aka faɗa mani! Ɗauko mayafinki, mu tafi gida."

Abin da ya sa maganar ta yi zafi, Gwamna da Arziki, mahaifin mijinta, aminai ne tun suna kiwon awaki a wajen Safo. Tare suka bar tsafin gidajensu, rana ɗaya aka yi masu baftisma a tafkin Madarunfa. Da ɗiyansu suka nuna suna son juna, su biyun sun fi ango da amarya murna. Sai bara Arziki ya yi zama a Ɗan Issa, ya haɗu da wani mai wa'azi, ya dawo da sabuwar koyarwa. Ya ce Asabar ce ranar hutu, ba Lahadi ba. Ya ce babu Nowel, wato Kirsimeti, a cikin Littafi. Paska kuma, in ji shi, a sha huɗu ga watan farko na Yahudawa ake yinta, da gurasa marar yisti, kamar yadda Almasihu ya ci da almajiransa. Ya daina zuwa majami'a, wasu gidaje suka bi shi. Ɗansa Ilyasu, mai gyaran moto, wato babur, a tasha, ya bi ubansa. Amma bai taɓa hana Rahama sujadarta ba. Shi ne ma ke kai ta ƙofar majami'a kowace Lahadi.

Ana cikin haka Ilyasu ya shigo, hannunsa baƙi ƙirin da mai. Ya cire hula, ya durƙusa.

"Baba, a yi haƙuri. Ban taɓa tilasta mata komai ba."

"Yau ba ka tilasta ba. Ɗiyan da za ku haifa fa? Wace rana za a koya masu?"

Baba Arziki ya fito daga sashensa yana gyara riga.

"Gwamna, ka shigo gidana ba sallama, kana ɗaga murya? Buɗe Littafi ka nuna mani inda aka ce a bar lissafin wata a bi kalanda!"

"Kai kuma ka faɗa mani, wace rana aka iske kabari wayam? Ba Lahadi ba ce? Ko ita ma mai wa'azinka ya soke ta?"

"Idin da Allah ya kafa da bakinsa nake magana!"

"To, ka ci idinka. Ɗiyata ba ta ciki!"

Hawaye suka zubo wa Rahama, amma ba ta yi musu ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi. Da za ta wuce kusa da mijinta ta rage murya.

"Kada ka yi gardama da shi. Zan bi shi don ubana ne. Amma ka sa a ranka, auren nan babu mai kashe shi."

"Dakor, na yarda," in ji Ilyasu. "Ina jiranki."

A gida mahaifiyarta, Inna Uwani, ta tarbe ta da kuka. Baba Gwamna ya ce da an gama Paska zai tara dattawan ikilisiya a raba auren. Rahama ta shiga aikin gida kamar ba abin da ya faru: ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta wanke wa mahaifinta farar rigarsa ta idi. Da yamma ta kai masa fura a ƙarƙashin itacen bedi, ta zauna nesa kaɗan.

"Baba, in yi tambaya?"

"Yi."

"Wanda Baba Arziki ke tunawa da mutuwarsa, da wanda kai kake murnar tashinsa — mutum biyu ne?"

"Ke, tashi ki ba ni wuri! Yaushe aka haife ki?"

Ta tashi, amma ta lura bai taɓa furar ba, yana ta kallon ƙasa.

Washegarin Idin Ƙetarewa, a wurin su Arziki, babbar ranar hutu ce: ba noma, ba ciniki, ba ɗaukar kaya. A wurin sauran gari kuwa ranar kasuwa ce, maza duk sun watse. Rana ta take, iskar bazara na kaɗawa da ƙarfi, sai tartsatsi daga wani murhu ya faɗa kan dangar kara ta gidan Gwamna. Kafin Inna Uwani ta gama ihu, wuta ta kama rumbun farko.

"Gobara! Jama'a, gobara!"

Mata da yara ne kawai suka fito. Baba Gwamna ya haye rumbun yana fizgar jinka da hannu, hayaƙi ya rufe shi. Rahama ta duba hagu, ta duba dama. Gida ɗaya ne a duk unguwar ta san akwai maza zaune. Ta ɗaure zane, ta zura da gudu.

Ta iske su a tsakar gidan Baba Arziki cikin fararen kaya, suna waƙa. Ta faɗi a gabansu tana haki.

"Wuta a gidanmu! Baba na kan rumbu!"

Ilyasu ya zabura. Wani dattijo ya riƙe masa riga.

"Yau ranar hutu ce, yaro. Ba a ɗaukar ko guga."

Kowa ya dubi Baba Arziki.  Rahama, wadda ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi surukinta ba, ta dube shi.

"Baba, kai ka koya mani ma'anar idin nan. Ka ce ranar ce Allah ya tsare ƙofofin mutanensa, halaka ta ƙetare ba ta shiga ba. To, ga halaka ta shiga gidan ɗan'uwanka. Za ku zauna kuna waƙar ceto, shi yana ƙonewa?"

Baba Arziki ya miƙe tsaye. Ya tuɓe babbar rigarsa ya yar.

"Ku ɗauki bidon ruwa da bokiti! Duk mai ƙafa ya biyo ni!"

Ilyasu ya riga kowa isa. Ya kutsa cikin hayaƙi ya saɓo surukinsa a kafaɗa. Maƙwabcinsu Malam Garba, da ke dawowa daga masallaci, ya karkato amalankensa da tano biyu, manyan gangunan ruwa. Aka yi layi, bokiti na bin hannu zuwa hannu. Rumbu ɗaya ya ƙone ƙurmus, amma sauran hatsin da ɗakunan kwana suka tsira.

Da ƙura ta lafa, Rahama ta kawo ruwan sanyi. Ta tarar da Baba Arziki zaune a ƙasa, fuska duk toka, yana naɗe wa amininsa hannun da ya ƙone.

"Ka karya hutunka saboda ni," in ji Gwamna a hankali.

"Ban karya ba. Yau na fara gane shi." Arziki ya share ido da bayan hannu. "Na iya lissafin wata, na manta dalilin lissafin. Sai da ɗiyarka ta tuna mani."

"Ni ma ta tambaye ni abin da na kasa amsawa. Na tashi raba aure don in kare idin gafara. Ka yafe mani, Arziki."

"Na yafe. Amma fa ka sani, ina nan kan sha huɗu ga wata!"

"Ni ma ina nan kan Lahadina, tsohon banza!"

Suka tuntsire da dariya, har Inna Uwani ta saki guɗa tana hawaye. Baba Gwamna ya kira Ilyasu.

"Ɗana, ɗauki matarka ku tafi. Ɗiyanku kuma ku koya masu wanda ake yi wa idin. Maganar ranar kuwa, in sun girma, su bincika da kansu."

Ranar Lahadi ta Paska, ana tsakiyar waƙar tashin Almasihu, Rahama ta waiga daga layin mata. A bencin ƙarshe ta hango mijinta, kusa da shi Baba Arziki, yana tafi a hankali. Bayan sujada Baba Arziki da mutanensa suka wuce gidan Gwamna, kowa da damin gero a ka don mayar da wanda ya ƙone.

Har yau tsofaffin nan biyu ba su daidaita kan kwanan wata ba, kuma duk bazara sai sun yi gardamarsu a gindin bedi. Rahama kuwa tana zaune lafiya a ɗakinta, tana girka wa idi biyu abinci da zuciya ɗaya. Da ta biye wa fushin iyaye ta zaɓi ɓangare, da ta rasa miji ko ta rasa uba. Haƙurinta da gaskiyar da ta faɗa a lokacin da ya dace suka bar mata su duka. Bincika ranar idi abu ne mai kyau, amma wanda ya riƙe ranar ya saki ƙauna bai yi idi ba tukuna.