Wanda Ya Ce "Ya Yi"

Ku matso. Uwani, ajiye wayar nan, ko kuwa in yi shiru. Kullum kuna tambayata me ya sami hannun Yaya Barau, me ya sa ba ya gaisawa da ni. Yau zan faɗa muku, amma kada in ji shi a bakin kowa.

Kun san garinmu a cikin kwari yake, dutse ya tare mu ta gabas. A lokacin, in ka kunna talabijin, yayyafi kawai za ka gani da shuuu. Yaya Barau kuwa gyaran eriya ne sana'arsa, kuma yana da taurin kai. Ya gwada ƙaramar nan mai ƙaho biyu, ko inuwa ba ta kawo ba. Ya ɗaure wata a kan gora, iska ta karya goran. Daga ƙarshe ya sayo doguwa mai kama da ƙashin kifi, da busta mai ƙara ƙarfin kamawa, da waya nadi guda. Ya ce wannan in ta sami tsawo, ta fuskanci birni, dole ta kama.

Dalilinsa Inna ce. Tana kwance ba ta iya tashi, ga Zulai ƙanwarmu za a nuna ta a tashar jiha da la'asar, tana karatu a musabaƙa. Inna ta ce, "Barau, in dai na ga yarinyar nan, ko yau na tafi ba komai."

Abu mafi tsawo a wajenmu shi ne tsamiyar bayan gida. Kowa ya san ba a kai mata ƙarfe, ba a hawanta da tsakar rana. Yaya Barau ya ce camfi ne.

To, aikin eriya na mutum biyu ne. Ɗaya a sama yana juyawa, ɗaya a gaban talabijin yana ɗaga murya: "Bai yi ba! Juya! Ya yi!" Ni ne mai kiran. Na ce masa ina zuwa yanzun nan. Sai na wuce kasuwa wajen wata mai fura da nake so, na shantake. Wallahi har yau ina jin kunyar wannan.

Ya gaji da jira, ya hau shi kaɗai. Rana tsaka. Ko sallama bai yi wa itacen ba. Ya kafa ƙusa huɗu a babban reshe, ya ɗaure eriyar.

Sai ya ji muryata daga ƙasa.

"Bai yi ba. Juya."

Ya ce, "Saminu, sai yanzu?"

"Juya."

Ya juya hagu. Tsuntsaye duk sun yi tsit. Ganye ko motsi.

"Bai yi ba."

Ya juya dama. A nan ne wani abu ya faɗo masa a rai. Talabijin na cikin ɗakin Inna. Mai kiran kuwa ga shi a gindin itace. Me yake kallo?

Ya leƙo. Ni ne, da rigata mai ruwan toka. Amma babu inuwa a ƙasa. Ƙafafun kuma dunduniya ce a gaba.

Abin ya ɗago kai, ya ce, "Ƙusa huɗu ka kafa mini a ɗaki."

Kafin ya buɗe baki, wayar eriya ta naɗe masa wuya. Ta fizge shi, ta maka shi da reshe har haƙoransa biyu suka zube. Ya so ya yi salati, numfashi ya ƙi. Ya ji ƙusoshin suna zarewa da kansu, ƙiiit, ɗaya bayan ɗaya. Wani hannu mai sanyi ya danne hannunsa na dama a jikin itacen, tare da sandar eriyar.

Aka ɗauki hamarsa.

Ta farko ta shiga tafin hannu. Muryata ta ce, "Bai yi ba." Aka murɗa hannun har ƙashi ya yi ƙara. Ta biyu. "Bai yi ba." Ta uku. Jini na bin gwiwar hannunsa yana ɗiga a ganye. Da aka buga ta huɗu, sai muryar ta yi dariya irin tawa.

"Ya yi."

Mudi, daina kuka, ai da ransa.

Ni kuwa na dawo da la'asar ina fito. Na tarar da Inna ta jingina da filo, hawaye na zuba, ga Zulai a talabijin tangararas, har ɗinkin hijabinta ana gani. Inna ta ce, "Allah ya yi muku albarka. Na ji ka a bayan ɗaki kana ta kira. Ce wa yayanka ya sauko haka nan."

Na ruga gindin tsamiyar.

Yana can sama a rataye, hannunsa ne ke riƙe da eriyar. Na hau da filaya ina karanta duk abin da na sani. Da na kama ƙusar farko, ya buɗe ido, ya ce da ƙyar, "Ta gama karatun?"

"Saura kaɗan."

"To, bari ta gama."

Haka muka jira a saman nan, ina tallabe da shi, jininsa ya jiƙa mini riga. Sai da muka ji Inna ta yi kabbara sannan na zare su.

Inna ta rasu bayan kwana tara, ba ta san komai ba. Hannun ya shanye. Na rantse masa da Alƙur'ani ba ni ba ne, ya ce ya sani. Amma in na yi magana a bayansa, har yanzu sai ya zabura ya dubi ƙafafuna.

Saboda haka kada wanda ya bi ta gindin tsamiyar nan shi kaɗai. In kuma ɗan'uwanka ya hau sama ya ce ka tsaya masa, ka tsaya. In ba ka tsaya ba, akwai mai tsayawa.