Ƙwallon Lamba Tara

Bayan azahar aka buga wa Insfekta waya cewa an yi sata a kulob ɗin 'yan fansho na masaƙa. Ya ɗauki hularsa, ya kira Kofur, suka tafi.

A zauren suka tarar da Shugaban kulob ɗin yana ta kai da komo tsakanin kujerun roba da aka jera. A gaba akwai wata ƙatuwar talabijin mai tozo, irin wadda sai ƙarti huɗu ke iya ɗagawa.

"Ita aka so sacewa?" in ji Insfekta.

"Wa zai iya?" Shugaba ya ce. "Ranka ya daɗe, a zamaninta babu mai fitar da hoto tangaran kamarta. Ga 'yata nan, injiniya ce, ta yi maka bayani."

Injiniya ta nuna kwamfutar da ke kan tebur. "An samo tsohon fim ɗin wasan da su Baba suka ci kofi suna samari, an zuba mana a nan. Yau da yamma za a kalla. To, kwamfutar ta zamani ce, talabijin ɗin kuma tsohon yayi, ba sa jin yaren juna. Sai na yi odar wani ɗan akwati da ke yi musu tafinta. Waya ɗaya ke shiga cikinsa daga kwamfuta, uku su fita zuwa talabijin: ja, kore da shuɗi. Akwatin nan aka ɗauke."

"A sayo wani mana."

"Ba a samunsa a kasuwa yanzu. Daga nesa aka aiko shi. Ga tsofaffi sun taho daga garuruwa, wasu ba sa gani sosai, ba za su iya da ɗan allon kwamfuta ba."

Insfekta ya dubi kwamfutar. Ɓarawon da ya bar wannan ya ɗauki abin da bai fi sabulu girma ba, ba sayarwa ce a ransa ba.

Ya leƙa bayan talabijin. "Haka kika bar wayoyin?"

Ta duba, ta zaro ido. "A'a! Da na gama gwaji da safe na zare su. Yanzu ga su a soke, kuma an yi kuskure: ja a ramin shuɗi, shuɗi a ramin ja."

"Me hakan ke jawowa?"

"Launi ya juye. Duk abin da yake ja sai ya fito shuɗi."

"Wato ɓarawonmu sai da ya zauna ya yi kallo," in ji Insfekta. "Kada ki faɗa wa kowa zancen wayoyin nan."

Aka kira mai gadi. Ya rantse bai ɗaga daga bakin ƙofa ba tun safe.

"Da safe wannan gashin nasa ya kai haka," Shugaba ya ce, yana gwadawa da yatsu.

Insfekta ya kalli kan mai gadi yana ƙyalli, da ragowar hoda a ƙeya. "A bakin ƙofar aka yi maka askin?"

Mai gadi ya sosa kai. "Yallaɓai, nan kusa ne. Kuma ban bar wurin haka ba, na ba Lamba Tara makulli ya riƙe mini."

"Wane ne shi?"

"Shi ya ci mana ƙwallon da ta kawo kofin," in ji Shugaba. "Babu jikan da bai ji labarin ba."

A ƙarƙashin bishiyar tsakar gida suka same shi, dattijo mai tumbi, 'yan fansho sun kewaye shi. Yana gwada yadda ya tashi sama, ya juya baya, ya shirga wa ƙwallo ƙafa.

"Baba, ka shiga zauren yau?" Insfekta ya tambaya.

"Ni? Ko leƙawa ban yi ba, ɗana. Makulli na riƙe, na mayar."

"Ai kai aka fi cuta. Yau da kowa ya ga bajintarka."

"Bari kawai!" Lamba Tara ya girgiza kai. "Amma kada ka wahalar da kanka. Ko an samo akwatin, hoton banza ne. Jajayen rigunanmu duk sun koma shuɗi, sai ka ce 'yan wancan ɓangaren."

"A ina ka gani?"

"Wajen gwaji mana."

"Ni da babana kaɗai muka yi gwaji," in ji Injiniya, "kuma riguna jajaye suka fito jawur."

"Mutum ɗaya ne ya gan su shuɗi," Insfekta ya ce, "wanda ya soka wayoyi a baibai."

Lamba Tara ya nemi benci ya zauna, ya share zufa.

"So na yi in fara gani kafin kowa," ya ce a hankali. "Na zaci mai ɗaukar hoton bai kamo wurin ba. Ashe ya kamo. Na nemi yadda ake gogewa, na rasa, sai na ɗauke akwatin."

"Me ya kamo?" Shugaba ya tambaya.

"Ban tashi sama ba. Na duƙa ina ɗaure igiyar takalmi, ƙwallo ta zo ta daki mazaunaina, ta faɗa raga."

Wani tsoho ya fara ƙyaƙyatawa, sauran suka ɗauka, har da mai riƙe ciki.

"Haba, Lamba Tara!" Shugaba ya ce, yana share hawaye. "Ni na bugo ƙwallon, ina bayanka. Duk mun sani! Labarinka ne ya fi daɗi, shi ya sa muka ƙyale ka."

Nan Lamba Tara ya ce akwatin na cikin but ɗin babur ɗinsa, naɗe da tsumma. Kofur ya ɗauko, Injiniya ta karɓa da gudu ta yi zaure.

"An riga an shigar da ƙara, Baba," in ji Insfekta. "Mu je ofis ka ba da jawabi. In Shugaba ya janye, za ka dawo kafin a fara."

"Na janye," Shugaba ya ce, "amma a kujerar gaba zai zauna."

Kofur ya buɗe masa ƙofar mota. Lamba Tara ya sa ƙafa ɗaya, ya waiwayo.

"Insfekta, in za a rubuta, a rubuta gaskiya: ko da me aka ci, ni dai na ci."