Yaya Kike Ji Game da Hakan?

Ranar da ta fara ganinsa, yana zaune a gaban aji rungume da 'yar tsana cikin tawul, yana ƙoƙarin ƙaƙalo kuka.

Ajin na masu digiri na biyu ne, kwas a kan lafiyar ƙwaƙwalwar masu juna biyu da masu jego. Ɗaliban duk ma'aikatan asibiti ne, daga aiki suke zuwa, su zauna suna hamma. Shi kaɗai ne namiji a cikinsu, nas ne a ɗakin bakwaini. Ita kuwa ungozoma ce, ta makara saboda wata naƙuda da ta ja lokaci. Tana shigowa Malama ta nuna mata kujerar da ke fuskantarsa.

"Ga mai jegonki nan. Ta haihu lafiya, jariri lafiya, amma ba ta barci, ba ta cin abinci. Bismillah."

Ungozoma ta dube shi sama da ƙasa. Dogo, ga gemu, ga ƙaton takalmi. Ta danne dariya ta ce, "Haba baiwar Allah, ki gode wa Allah mana. Wasu nema suke ido rufe ba su samu ba. Share hawayenki."

Malama ta dafe kai. "Kin gama da ita. Yanzu za ta koma gida da ciwonta, ga kunya kin ƙara mata. Ku sauya wuri."

Ya miƙa mata 'yar tsanar a hankali, har da tallabe mata ƙeya. Ya zauna ya yi shiru, sai da shirun ya ishe ta, sannan ya ce, "Yaya kike ji tun da kika haihu?"

Ta fara da ƙarya kamar yadda darasi ya nema. Ba ta san lokacin da ta zarce kan gaskiya ba: ciwon baya, ƙarancin ma'aikata, da wata mata da ta rasu a hannunta take yawan ganinta a mafarki. Ya saurara bai katse ta ba, ya ce, "Na ji kin ce kin gaji, kuma babu wanda ya lura."

Daga ranar ajin ya laƙaba masa Mai-jego, sunan kuma ya bi shi har bakin aiki.

Ƙa'idar Malama ba ta da yawa. Kada ka ba da shawarar da ba a nema ba. Kada ka cusa kanka cikin zancen. Ka tambaya, ka saurara, ka maimaita abin da ka ji. Sauran ɗalibai sukan bar ƙa'idar a aji su tafi gida. Mai-jego kam ya haɗiye ta ɗungurungum.

Suka fara karatu tare a laburare. Yakan zo mata da shayi a filas, ya riƙe mata kujerar da ke kusa da fanka. In ta yi tuntuɓe a matakala, hannunsa ya riga ya kai kusa da kafaɗarta, sai ya janye. Ta san yana sonta, makaho ma ya sani. Matsalar dai bai faɗa ba.

Wata rana ta tura masa saƙo: "Mai-jego, kaina ya ɗau zafi, karatun nan ya ƙi shiga."

Ya amsa: "Sannu, Ungozomata. Me ya fi damunki a ciki?"

"Kai ne."

"Ƙara min bayani."

Ta jefa wayar kan gado tana dariya. A lokacin abin yana ba ta dariya.

Sai ga likitan ƙashi, abokin yayanta. Shi wannan bakinsa ba ya hutawa. Zuwansa na farko ya gaishe da Mama, ya yabi labulen falo, ya ce aure ya kawo shi. Mama ta ji ya kwanta mata a rai.

"Wannan ya san inda ya dosa," in ji ta, tana ninke wanki. "Naki kuwa fa? Ƙato da shi yana rainon jarirai, baki kamar an ɗinke. Shi ma karatun naku ban gane kansa ba. Mace ta haihu lafiya, me ya rage? Mu da muka haife ku, wa ya tambaye mu?"

"Mama, yana sona."

"Ya faɗa miki?"

"Bai faɗa ba tukuna."

"To ba zan miki dole ba. Amma ba zan bar ɗan mutane yana safa da marwa ba. Kina gama jarrabawa zan ba shi amsa. In naki yana da magana, ya zo ya yi ta."

Washegari ta same shi a ɗakin bakwaini yana ɗura wa wata 'yar mitsitsiyar jaririya madara da sirinji. Ta jira ya fito baranda, ta ce, "Likitan ƙashi zai turo magabatansa. Mama ta ce bayan jarrabawa."

Ta ga fuskarsa ta canza. Ya buɗe baki, ya rufe. Sannan ya gyara tsayuwa, ya sassauta murya yadda aka koya musu.

"Yaya kike ji game da hakan?"

Ta tsaya tana kallonsa. "Ni majinyaciyarka ce?"

"Na ji kamar ranki ya ɓaci."

"Sannu da ƙoƙari. Ka ci jarrabawa." Ta juya ta tafi, hawaye ya riga ta kaiwa matakala.

Ta daina zuwa laburare. Saƙonsa ɗaya ne ya shigo: "Ungozomata, ina nan duk lokacin da kika shirya magana." Ta karanta ta yi tsaki. Ita da take jiran ya yi magana, shi kuma yana jiran ta shirya. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don tana sonsa, kuma ta ga alamar za ta rasa shi saboda tsabar ladabi.

Ranar jarrabawar gwaji Malama ta sake haɗa su, ko da gangan ko a rashin sani. Shi ne mai jego, ita ce ma'aikaciya. Ya zauna da 'yar tsanarsa, ya rame, idanunsa sun faɗa. Ta ja kujera ba ta ko murmusa ba.

"Yaya kike ji tun da kika haihu?"

"Ba na barci," ya ce. "Ba na cin abinci."

Da a da ne, da ta cike gurbin da surutu. Yau ta naɗe hannu ta yi shiru. Fanka tana ta juyawa. Wata ɗaliba ta yi tari. Shirun ya yi tsawo har gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"Akwai wadda nake so," ya ce, yana kallon 'yar tsanar. "Tun ranar da ta ce in share hawayena. Da aka ce wani zai aure ta, hankalina ya tashi. Amma na ji tsoron in na faɗa, na matsa mata, ta zaɓe ni don tausayi."

Malama ta duba takardarta. "Wannan ba ya cikin labarin da na ba ka."

Ungozoma ba ta waiwaya ba. Ta ce, "Ƙara min bayani."

Ya ɗago kai. "Ina sonki. Ki aure ni."

Aji ya ruɗe da shewa. Malama ta ba ta maki mai kyau, shi kuma ta ce ya dawo ya sake gwajin.

Saura Mama. Ya zo da yamma, ya durƙusa a gefen kafet. Ungozoma ta laɓe bayan labule. Mama ta yi masa tambayoyi kamar mai binciken ɓarawo, ya amsa a taƙaice, ya kuma faɗi abin da ya kawo shi ba tare da kwana-kwana ba. Ta taɓe baki, ta maimaita tsohuwar maganarta, cewa su da suka haihu a da babu wanda ya tambaye su, kuma ga su nan ba su mutu ba.

Sai ya ce, "Mama, lokacin da kika haife ta, yaya kika ji?"

Ungozoma ta runtse ido. Shi ke nan, ya sake yin halin nasa.

Can Mama ta ce, da wata murya da 'yarta ba ta taɓa ji ba, "Wata da watanni ban iya kallon fuskarta ba. Ina shayar da ita ina kallon bango. Mutane suna ta barka, ni ina neman inda zan ɓuya in yi kuka. Na ɗauka ni muguwar uwa ce. Har babanta ya koma ga Allah bai sani ba."

"Ba laifinki ba ne, Mama. Ciwo ne, kuma mata da yawa suna yinsa."

Ungozoma ta karanta wannan a littafi ya fi a ƙirga, amma ba ta taɓa tambayar uwarta ba. Ta fito daga bayan labule, ta zauna a ƙasa, ta ɗora kai a cinyar uwarta. Mama ta dube ta sosai, ta daɗe tana dubanta.

Likitan ƙashi ya karɓi amsarsa da dogon jawabi, ya kuma halarci ɗaurin auren, wanda aka yi bayan fitowar sakamako. Da Mai-jego ya zo da amaryarsa yi wa Mama sallama, ta haɗa hannayensu cikin nata.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Kai kuma, ranar da ta haihu, kowa jariri zai tsaya kallo. Kai ka dube ta, ka tambaye ta."

"Zan tambaye ta, Mama."

"Ke kuma ki faɗa masa gaskiya," in ji Mama, ta saki hannunsu.