Tsohuwar da Na'ura Ba Ta Ji Ba

Ku matso kusa. Ku rage murya, wannan ba na dariya ba ne.

Da Hansatu 'yar Kawu Barau abin ya faru. A kamfanin haɗa manhaja take aiki. Ita ce mai zuwa ta ji abin da mutane ke buƙata kafin a fara haɗawa. A da, su huɗu suke fita. Da ƙirƙirarriyar basira ta zo, aka ce ita kaɗai ta isa, ita da na'ura.

Aka tura ta wata fadama mai nisa. Manoman rani ne ke son manhajar da za ta riƙa kunna musu injinan ban ruwa bi da bi. Kwana shida tana yawo gona-gona. Ta naɗi maganar manoma a waya, na'ura ta rubuta, ta tsara, har ta gano inda buƙatar wani ta ci karo da ta maƙwabcinsa. Aiki kam tana yi. Sai dai ba ta cewa sannu da rana. Hansatu ita kaɗai take cin tuwonta a masauki, tana kallon bango.

Ranar Juma'a, rana tsaka, maza sun tafi masallaci. Fadama ta yi tsit. Ko kukan tsuntsu babu. Hansatu ta bi bakin rafi don ta duba injina.

A gindin wata tsamiya ta ga tsohuwa zaune, ƙafafunta cikin ruwa.

"Sannu da hutawa, Iya."

"Yawwa, 'yar nan. Ke ce mai tambayar?"

"Ni ce."

"Kin je wa kowa. Ni ba ki zo min ba."

Muryar kamar daga cikin tulu take fitowa. Hansatu ta durƙusa, ta kunna waya.

"Me kike so, Iya?"



"An jima ba a yi min wannan tambayar ba," in ji ta. "Ranar Juma'a, har a sauko daga masallaci, kada inji ya yi kuka. Lokacin ne jikokina ke wanka."

"Wace gona ce taki?"

"Duk."

Sai ta zaro ƙafafunta. Ruwan bai motsa ba. Dugadugan ne a gaba, yatsun suna kallon baya.

Hansatu ba ta yi ihu ba. Ta kama addu'a a zuci, ta ja da baya, taku ɗaya-ɗaya. Sai da ta taka hanya ta zura da gudu.

A masauki ta ba na'ura abin da ta naɗa. Na'ura ta ce murya ɗaya ce a ciki, ta Hansatu. Sannan ta kawo shawara: tsakar ranar Juma'a ba mai jan ruwa, a ba masu jiran layi wannan lokacin.

Da la'asar ta sami shugaban manoman, Malam Tanimu.

"Baba, me ya sa ba a ban ruwa ranar Juma'a da rana?"

Ya kalle ta. Ya kalli ƙofa.

"Wa kika gani?"



"Shekarun baya ƙanena ya kunna inji a lokacin," in ji shi. "Har yau bai sake magana ba."

"To me ya sa ba wanda ya faɗa min?"

"'Yata, abin da kowa ya sani, wa zai tuna ya faɗa?"

Da hannunta ta rubuta sharaɗin tsohuwar a saman sauran buƙatun. A birni shugabanta ya tambaya wa ya nemi haka. Ta ce masu wurin ne. Bai ƙara tambaya ba.

Da ta zazzage jakarta a gida, sai ga tsamiya ɗanya ƙunshe cikin ganye, jiƙe sharkaf, bayan wuni guda a mota. Ba ta sha ba, ba ta kuma yar ba. Tana nan a ɗakinta. Har yau tana ɗigar da ruwa.

Saboda haka ku ji ni da kyau. Kada wanda ya bi bakin rafi shi kaɗai da rana tsaka. Kuma kada waya a hannu ta ruɗe ku. Ba rakiya ba ce.