Akwatin Amo na Sadiƙu

Sadiƙu mai gyaran rediyo a Tasawa yakan haɗa wa makaɗan gita ɗan akwatin da ake takawa ya kausasa amo. Ran nan bayan isha'i yana liƙa wayar wani sabon akwati da dalma, sai wani dogon mutum ya tsaya bakin shago, ba sallama.

"Wanga nika so," in ji baƙon, muryarsa kamar daga cikin rijiya.

Sadiƙu ya jawo akwatin jikinsa, yana zaton ɓarawo ne. "Malam, daga ina? Ko batir ban sa mishi ba."

"Aje ƙasa in gwada."

Ya aje. Amo ya cika shagon, alhali gita tana rataye a bango. Sadiƙu ya dubi ƙasa, ya ga ƙafar baƙon bisa akwatin, ashe kofaton jaki ne.