Hannu a Kafaɗar Rumaisa

Ranar wata Talata da la'asar sakaliya na ɗora 'yata Rumaisa a mashin ɗin Obed, na hau bayanta, muka kama hanyar Auna. Hoto ɗaya tak za mu ɗauko.

Mu uku ne a shagonmu na zane da buga tallace-tallace a Kontagora: Oga Francis mai shagon, Obed mai kula da injin bugu, sai ni Hafsatu mai zane a kwamfuta. Matan wata ƙungiya masu man kaɗe ne suka ba mu aikin rumfarsu ta baje koli, har da babban ƙyallen talla da za a rataya a bango. Oga ya ce yarinya yake so a gindin kaɗanya tana riƙe da kwalbar mai. Irin shagonmu ba ya hayar masu tsayawa a hoto, mai ɗa shi ke kawo ɗansa. Rumaisa shekararta shida, amma ta riga ta tallata sabulu da burodi.

Duk mai ɗaukar hoto ya san babu haske kamar na daf da faɗuwar rana. Uwata ta sha gaya mini ba a kai yaro gindin itace da almuru. Na sani sarai. Amma ni ce 'yar boko mai kyamara, haske nake bi.

Kaɗanyar na tsaye ita kaɗai a tsakiyar gona. Da muka isa gindinta sai kukan gyare ya ɗauke ɗif. Na ji ƙaurin ƙwarar kaɗe da ake soyawa, alhali babu gida ko hayaƙi kusa. Na ɗauki hoto bakwai, muka juyo.

Washegari na buɗe su a kwamfuta. A wanda ya fi kyau, wata tsohuwa ce tsaye bayan Rumaisa, ɗaure da baƙin saƙi, ta ɗora hannu a kafaɗar yarinyar ta dama. Obed ya rantse da Allah babu kowa a wurin. Oga Francis ya leƙo, ya yi tsaki.

"Goge ta mana. Wa zai sayi mai da wannan fuskar?"

Aikinmu ke nan kullum. Turken wuta, akuya, ƙurajen amarya, duk abin da ya ɓata hoto gogewa muke. Minti ashirin na gama da ita. Kwamfutar ta cika, don haka na adana sabon a kan tsohon, memorin kyamara kuma Obed ya share shi ya tafi ɗaukar biki.

Da yamma Rumaisa ta ce kafaɗarta na mata sanyi. Ranar Alhamis hannun ya ƙi ɗaguwa. Ranar Juma'a ta daina magana. A asibiti aka yi gwaji, aka sa ruwa, likita ya ce bai ga komai ba. Uwata ta yi tofi har muryarta ta dushe. Idon yarinyar a buɗe, amma in na tsaya gabanta sai ta dubi bayana. 'Yata ke nan guda ɗaya a duniya, ina kallo tana sulalewa.

Ranar Asabar bayan la'asar sai ga Mama Lahadi, shugabar matan nan masu man kaɗe, har bakin gado. Obed ne ya ba ta labari. Ta taɓa kafaɗar, ta janye hannu da sauri.

"Maman Rumaisa, gindin wace kaɗanya kuka je?"

Na kwatanta mata.

"Wannan itace da mai shi. Mu ko 'ya'yan da suka faɗo ba mu tsinta sai mun yi sallama. Tun zamanin kakata ba ta nuna fuska ga kowa ba. Ta ga yarinya, ta so ta, ta fito. Ke kuma kin share ta kamar datti." Ta sassauta murya. "Ki mayar da ita inda take. Yau, kafin duhu."

"Mama, hoton farko babu shi."

"Ba hannunki ne ya cire ba?"

Ban san yadda na isa shago ba. Oga ya tafi filin baje koli. Ina zama Nepa suka ɗauke wuta. Janareto babu mai, Obed ya suri jarka ya fita da gudu. Batirin kwamfuta saura kashi goma sha tara.

Na buɗe hoton, na fara zana ta da ka. Saƙin ya fito, tsayin ya fito. Fuskar ce ta gagara. Minti ashirin na yi ina goge fuskar nan, amma ban taɓa kallonta ba. Na zana, na share, na sake zanawa. Hawaye na ɗiga a kan madannai. Saura kashi goma sha ɗaya.

Ladan ya fara kiran magariba.

Sai ƙaurin nan ya shigo, ya danne warin tawada.

Ƙasan shagonmu cike yake da guntayen ƙyallen roba da muke yankewa. Na ji ana taka su. Kacau. Kacau. A hankali, irin tafiyar mai ciwon gwiwa. Ƙofa kuwa a gabana take, ba wanda ya shigo ta nan.

Kujerar Obed ta yi ƙara a bayana.

Na nemi ayar da zan karanta, ta ɓace mini.

"Kada ki waiwayo," aka ce da raɗa. Numfashin ya taɓa ƙeyata, sanyi ƙalau. "Dubi gilashinki."

A gefen gilashin kwamfutar, inda hoton ya yi duhu, inuwar fuskarta ta bayyana a saman kafaɗata.

Na zana. Tsage uku-uku a kunci. Leɓe a bushe. Kunne ɗaya a yage.

Saura shida.

"Idanuna."

Na duba. Babu fari a cikinsu. Kuma jiƙe suke, kamar na wadda ta kwana uku tana kuka. Na zana su haka.

Saura huɗu.

Hannu ya rage. Nan wata dabara ta zo mini. Na zana hannun a sake, a gefen zanenta, nesa da 'yata.

Numfashin ya sake taɓa ƙeyata.

"Ba nan yake ba."

"Kaka, don Allah," na ce. Muryata ba ta fi ta sauro ba. "Ita kaɗai gare ni. Ki ɗora a kaina."

"Inda yake."

Saura biyu.

Wayata ta haska a kan tebur. Uwata ce. Na san abin da kiran nan zai iya zama.

Na share hannun. Na zana shi a kafaɗar Rumaisa, yatsa bayan yatsa, har biyar. Na danna adanawa.

Gilashin ya mutu.

Kacau. Kacau. Sai shiru.

Na rarrafa zuwa ƙofa, na faɗa kan titi a gaban wani mai keke, ya taka birki yana zagina. A nan zaune a ƙasa na ɗaga wayar.

"Hafsatu!" Uwata kuka take. "Ta tashi! Wai kunu take so!"

Haka aka buga ƙyallen da tsohuwar a ciki. Oga Francis ya yi ta mita, har sai da ya ga matan ƙungiya na rusunawa duk sadda za su wuce ta gabansa. Daga nan bai ƙara cewa uffan ba. Ni kuma ban sake cire mutum daga hoto ba. Akuya ma sai na yi mata kallon tsaf.

Rumaisa ta warke sarai. Yanzu tana aji huɗu, ga surutu kamar rediyo. Sai dai kullum rana ta zo faɗuwa, ko tana tsakiyar wasa, takan tsaya cak. Kafaɗarta ta dama ta ɗan sauka, kamar an ɗora mata wani abu. Ta karkata kai, ta yi murmushi.

Jiya na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko da nauyi.

"A'a, Umma," ta ce. "Da dai a hankali take riƙe ni. Yanzu ta ce tsoro take kada ki sake raba mu."